Neman Asali: Sada Zumunci Ko Tonon Silili?

A 'yan shekarun nan wata ɗabi'a ta shigo mana wadda ya kamata mu marubuta mu tsaya mu dube ta da idon basira. Yaro zai ɗauki wayarsa ya rubuta sunan garinsu a Facebook, a ce Ɗambatta ko Bichi ko Minjibir, sai ga jerin mutane masu amsa wannan suna, wani a Kumasi, wani a Legas, wani a Jidda. Nan take murna ta kama shi, ya ce ya gano dangi. Daga can ma haka abin yake. Jikokin fatake da jikokin alhazan ƙafa suna ta cigiya, wai kakansu ya ce daga wani ƙauye ya fito a arewacin Kano, ko akwai wanda ya san gidan? Ba abin mamaki ba ne idan marubuci ya ga wannan ya ji hannunsa yana ƙaiƙayi, domin kuwa kowane ɗaya daga cikin waɗannan cigiyoyi littafi ne guda.

To, amma kafin mu ɗauki alƙalami akwai tambayar da ta wajaba mu amsa. Shin duk asalin da mutum ya iya tonowa yana da ikon ya tono shi? Idan kuma ya tono, yana da ikon ya baza shi a kasuwa? Wane ne mai labarin: wanda ya tafi, ko wanda ya zauna, ko wanda ya rubuta?

Bari mu fara da sanin waɗanda suka tafi. Duk wanda ya san karkarar da ta tashi daga Ungogo da Dawakin Tofa ta nufi Bichi da Tsanyawa da Kunci da Makoɗa da Ɗambatta ya san ƙasa ce da gona ke jingine da gona, gida na hangen gida. Ba a san barin gona ta huta ba, sai dai taki da toka da ake kaiwa a kan jakuna, ga gawo da ɗorawa da kuka a tsakiyar shuka, ga gamba ta tsaya a matsayin iyaka. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin ƙasar tun shekarun 1960, ya nuna tana cikin karkara mafi cunkoson jama'a a wannan yanki na Afirka. Irin wannan ƙasa dole ta riƙa fitar da 'ya'yanta. Idan uba ya bar gona ɗaya da 'ya'ya maza biyar, ba sai an gaya wa wasunsu su nemi hanya ba.

Hanya ta farko ita ce ta Gwanja. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi da turkuɗi da kanwa da fatu, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su isa Salaga su sayo goro. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 a kan fataucin goro, ya nuna cewa Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne ƙashin bayan wannan sana'a. Da yaƙin basasa ya wargaza kasuwar Salaga a 1892, sai mutanenmu suka watsu zuwa Kete Karaci da Kumasi da Ankara, inda zangonninsu suke har gobe. Hanya ta biyu ita ce ta gabas. Bayan faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, dubban mutane sun bi Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, kuma bayan yaƙin Burmi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da ragowar jama'a Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar. Wasu kuma niyyar Hajji ce ta fitar da su a ƙafa, guzuri ya ƙare, suka tsaya noman auduga a Jazira, shekara ta zama goma, goma ta zama zuriya. Hanya ta uku ita ce ta yunwa da jirgin ƙasa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, yunwar Kakalaba ta afka wa arewacin ƙasar a 1913 da 1914, daga nan cin rani ya kai wasu haƙar kuza a Jos, wasu Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916. Akwai kuma hanya ta huɗu da ba mu cika son ambatonta ba, wato ta waɗanda aka tafi da su ba da son ransu ba, aka ƙetare Sahara da su zuwa Tarabulus da Tunis, ko aka ƙetare teku zuwa Bahiya ta Barazil, inda bayi Hausawa suka shirya tawaye a 1807.

Yanzu mu dawo kan suna. Mutanen Ingila da Ailan da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun tafi da sunan gida wanda ɗa ke gada daga uba, jika ya gada daga ɗa, ga kuma rajistar coci da ta jiragen ruwa. Saboda haka jikansu na yau yana iya kama wannan suna kamar igiya ya bi ta har ƙauyen da aka fito. Mu kuwa igiyarmu tsinkewa take yi a kowane ƙarni. Idan Audu ɗan Garba ne, ɗan Audu zai amsa sunan Audu, kafin a kai ga tattaɓa-kunne sunan Garba ya ɓace. Ga kuma alkunya, wadda ta sa mace ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari, ta sa yaron da aka yi wa sunan kakansa ya tashi ana ce masa Abba ko Baffa, har a manta da sunan yanka. Wanda ya tafi Gwanja yana Muhammadu, can sai a san shi da Tanko ko Maigoro ko Na-Kano.

Sunan gari da muke gani kamar sunan zuriya kuwa, makarantar boko ce ta yaɗa shi. Tun daga makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a 1909 har zuwa Kwalejin Katsina, da aji ya cika da Muhammadu da Abubakar, kuma yara suna jin nauyin a riƙa kiran sunan ubanninsu a bainar jama'a, sai aka riƙa laƙaba wa kowa garinsu. Ta haka muka sami Aminu Kano da Isa Kaita da Shehu Shagari da Magaji Ɗambatta, ɗan jaridar nan da ke cikin waɗanda suka kafa NEPU a 1950. Sardaunan Sakkwato kansa da Ahmadu Raɓa aka fara saninsa. Ke nan mutum biyu masu amsa Bichi abin da kawai za mu iya cewa shi ne gari ya haɗa su, ko su ko iyayensu. A ƙasar Saudiyya ma haka ne. Hausawi uku ne suka je gasar cin kofin duniya ta 2018 cikin 'yan ƙwallon ƙasar, har da kyaftin ɗinsu Usama Hausawi, amma Hausawi da Fallata da Barnawi sunaye ne na al'umma sukutum. In da kamannin suna kaɗai ya isa hujja, da sai mu ce Jigoro Kano, mutumin Japan da ya ƙirƙiro wasan judo a 1882, ɗan Ƙofar Mazugal ne.

Wani lokacin ma sunan da ya zama na zuriya ba na jini ba ne sam. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, Ba'agale ne ɗan fatake. Bayan rasuwar mahaifinsa mahaifiyarsa ta tafi Ankara da kasuwancinta, ta bar 'ya'yanta a hannun wata dattijuwa mai suna Tata. Sunan wannan dattijuwa shi ne gidan yake amsawa har yau. Wanda zai bi suna kaɗai ya nemo asalin wannan gida, zai isa ga wadda ta yi reno, ya wuce wadda ta haifa.

Wannan ba ya nufin ƙofar bincike a rufe take. Kakanninmu suna da nasu rajistar. Tsagar fuska tana faɗin gidan da mutum ya fito, sai dai tana gab da ƙarewa tare da tsofaffin da ke ɗauke da ita. Sunan unguwa da na ƙauye yana riƙe da tarihi, shi ya sa har yau muke da wurare masu suna Agalawa da Tokarawa a ƙasar Kano. Wasan barkwanci tsakanin Kanawa da Zazzagawa, ko Fulani da Barebari, yakan bi mutane har zangon Kumasi. Akwai kirarin gida da sana'ar gado. Akwai tsofaffin mata, waɗanda su ne suka san wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa. Littafin Baba ta Karo da Mary Smith ta fitar a 1954 ya isa shaida a kan abin da ƙwaƙwalwar tsohuwa ɗaya take iya riƙewa. A ɓangaren takarda kuma akwai rubuce-rubucen malaman taki da suka auna gonaki don haraji a zamanin En'e, da littattafan kotunan alƙalai, da na majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914 waɗanda Allan Christelow ya yi nazari a kansu, ga gidan adana takardun tarihi na Kaduna, ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Mai haƙuri zai samu. Kuma daidai lokacin da ya samu ne matsalar da muke magana a kanta take farawa.

A ganinmu mutum uku ne suke da haƙƙi a wuyan mai wannan bincike.

Na farko shi ne wanda ya tafi, wanda yanzu yana kabari ba ya iya kare kansa. Ba kowa ne ya fita don Hajji ko fatauci ba. Wani bashi ne ya kore shi, wani haraji, wani abin kunya, wani kuma bawa ne da ya tsere daga rinji. Kada mu manta gandayen sarauta irin na Fanisau, nan kusa da Ungogo, da bayi aka noma su, kamar yadda Mohammed Bashir Salau ya nuna a littafinsa na 2011, kuma sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a dokar Arewa. Mutumin da ya yi tafiyar wata uku don ya isa inda ba wanda ya san shi, ya sake suna, ya yi aure, ya haifi 'ya'yan da suka tashi da kansu a sama, ya yi haka ne da gangan. Shirun da ya yi wasiyya ce. Idan muka zo bayan shekara ɗari muka buga a littafi cewa kakan gidan wane bawan gidan wane ne, alhali mun san har yau ana fasa aure a kan irin wannan magana, to wa muka taimaka?

Na biyu shi ne wanda ya zauna. A birni neman dangi abin nishaɗi ne, amma a ƙauyen da gona ta yi ƙaranci, baƙon da ya zo yana tambayar sunan kakansa ana iya yi masa kallon mai neman gado. Kuma tsoron ba na banza ba ne. Malaman Malikiyya sun yi maganar hauzi, wato wanda ya riƙe ƙasa shekara 10 idan bare ne, ko 40 idan ɗan'uwa ne, mai ita yana gani bai ce komai ba, to da'awa ta faɗi. Amma sharaɗin shi ne mai haƙƙin yana nan yana gani. Wanda yake Sudan ba ya gani. Ke nan takardar da marubuci ya tono don ƙawata labari tana iya zama hujja a gaban alƙali, a kan gonar da gida uku suke ci daga gare ta, waɗanda su suka yi ta zuba mata taki shekara da shekaru. Idan dattawan gari suka ce ba su tuna ba, wani lokacin mantuwa ce, wani lokacin kuma hikima ce ta kare zaman lafiya.

Na uku shi ne jikan da ke can. Mu muna jin daɗin mu ce namu ne, amma wannan kalma tana iya zame masa wuƙa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, aka kwaso mutane har da waɗanda a can aka haife su, ba su taɓa ganin Nijeriya ba. Mu ma mun yi irin wannan kora a 1983. A watan Yuli na 2022 an yi mummunan rikici a jihar Bulu Nayil ta Sudan tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a kan ƙasa da sarauta, aka rasa rayuka masu yawa, kuma abin da ake jifan Hausawan da shi shi ne wai baƙi ne, alhali kakanninsu sun fi shekara ɗari a wurin. Mutumin da yake fafutikar a yarda shi ɗan ƙasa ne, idan muka rubuta cewa ɗan Kunci ne da ke zaune a waje, mun ba abokin gabarsa sanda. Shi Basudane ne mai asali a Kunci, kuma shi ya kamata ya zaɓi lokacin da zai faɗi rabin maganar na biyu.

Mai karatu zai iya cewa, in haka ne ai gara a bar kaza cikin gashinta. Wannan ra'ayi yana da ƙarfi, amma ba mu yarda da shi ba, saboda dalilai uku.

Da farko, shiru ma yana da waɗanda yake zalunta. A kusan kowane tsohon gida na wannan karkara akwai labarin wata uwa da ta mutu tana jiran ɗan da ya tafi gabas, ko matar da ta yi shekaru ba ta san ko takaba za ta yi ko jira ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gane nauyin wannan tun 1934, shi ya sa abin da ya fi tsaya wa mai karatun Shaihu Umar a rai shi ne uwar da ta bi sawun ɗanta har ƙetaren Sahara. Idan jikan wancan ɗa ya dawo yana cigiya, aka rufe masa ƙofa don tsoron gona, an yanke zumuncin da addini da al'ada suka yi umarni a sada, kuma an yi wa waccan uwa rashin adalci karo na biyu. Idan ma da gaske yana da haƙƙi a gonar, ɓoye shi cin amana ne, ko da ya yafe daga baya. Gyara shi ne a faɗa masa gaskiya a nemi sulhu.

Na biyu, abin kunyar da ke cikin bauta na wanda ya kama ne da wanda ya sayar. Muddin muna rufe maganar kamar wata cuta, muna tabbatar wa masu fasa aure cewa suna da gaskiya. Addininmu ya lissafa alfahari da asali da sukar asalin wani cikin ragowar ɗabi'un jahiliyya, ya kuma kwaɗaitar da mutum ya san danginsa gwargwadon abin da zai sada zumunci da shi. Wato an halatta mana ilimin, an hana mu mayar da shi makami. Aikin marubuci ne ya ba da labarin rinji da gandu yadda mai karatu zai ji tausayi da girmamawa, ba tare da ya nuna gidan kowa da yatsa ba. A nan ƙagaggen labari ya fi littafin tarihi sarari, domin yana iya faɗin gaskiyar zamani duka ya kuma sakaya sunan mutum.

Na uku, binciken gaskiya maganin girman kai ne. Duk wanda ya bi asalinsa da nisa zai tarar shi ma baƙo ne. Agalawa da Tokarawa da suka zama Kanawan Kanawa daga arewa kakanninsu suka gangaro, daga cikin Buzaye. Wangarawa daga Mali suka zo. Fulani da Barebari da Larabawan cikin birni kowa da hanyar da ta kawo shi. Ƙasar da ta karɓi waɗannan duka ta mayar da su 'ya'yanta ba ta da bakin da za ta ce wa jikan Bagwanje ba ta san shi ba, kuma ba ta da bakin da za ta raina baƙon da ya sauka a cikinta yau.

Saura haɗari ɗaya, wanda ya fi kusa da mu masu alƙalami, wato son labari mai daɗi. Alex Haley ya girgiza duniya a 1976 da littafinsa Roots, inda ya ce ya bi sunan Kinte har ƙauyen Jufure na Gambiya. Daga baya masu bincike suka nuna cewa wanda ya ba shi labarin a ƙauyen ba abin dogaro ba ne, kuma shekarun da ke cikin takardu ba su dace da abin da ya rubuta ba. Mu ma muna da irin wannan jarrabawa. Ba mu taɓa jin wanda ya binciko asalinsa ya ce kakansa majemi ne ko ɗan dako ba. Kowa daga gidan sarauta ya fito, ko daga malamai, ko daga Sharifai. Maroƙi yana iya yin haka don an biya shi, kuma kowa ya san roƙo ne. Amma abin da aka buga a littafi, bayan shekara 50 shi zai zama hujja, jikoki su riƙa rantsuwa da shi. Jingina mutum ga kakan da ba nasa ba ƙarya ce ko da ta faranta masa rai, kuma wulaƙanci ne ga kakan gaskiya da ya yi jima ko dako ya ciyar da su. Gwajin jini na zamani ma, wanda wasu ke ɗauka alƙali ne, yana iya nuna kusancin mutum biyu, amma ba ya faɗin sunan ƙauye, ba ya kuma faɗin dalilin tafiya.

Saboda haka ga abin da muke ba junanmu shawara, musamman matasan da suke shirin fara rubutu. Mu fara da tsofaffin gidanmu tun suna raye, mata kafin maza, mu rubuta sunan yanka da laƙabi da sana'a da tsaga da shekarar da aka tafi, ko da da sunan yunwa ko na sarki aka ƙidaya ta. Kada mu karɓi kamannin suna a matsayin hujja sai wata shaida ta biyu ta goyi bayansa. Mu bambance a rubuce tsakanin abin da muka gani a takarda da abin da aka gaya mana. Abin da ya shafi bauta ko abin kunya ko gona, mu kai wa masu shi a asirce kafin kowa ya ji, in sun ce a bari mu bari, ko mu sauya suna da gari mu mayar da shi ƙagaggen labari. Idan muka haɗa gida biyu, mu shigar da dattawa da mai unguwa tun farko, a san cewa zumunci aka zo nema. Wanda ke waje kuma mu kira shi da sunan ƙasar da yake ɗauke da takardarta, sa'an nan mu ambaci tushensa in ya yarda.

Masu iya magana sun ce zumunci a ƙafa yake. Gano sunan ɗan'uwa a waya somin-taɓi ne. Abin da ke bayansa shi ne gaisuwa da ta'aziyya da zuwa suna da ɗaukar nauyin juna, kuma wanda bai shirya wa wannan ba gara ya bar mutane yadda ya same su. Allah Ya jiƙan waɗanda suka tafi ba su dawo ba, da waɗanda suka zauna suna jira, Ya sa alƙalumanmu su zama sanadin haɗa zuriya. Amin.